Kalanda Ba Ta San Ƙashin Duƙushi Ba

Tun da shirin talabijin ɗin nan na Yellowstone ya fito a 2018, duk mai ɗan abin hannu a Amurka sai ya ga bai cika mutum ba in ba shi da malafa da dokin gasa. Farashin duƙushi ya yi tashin gwauron zabo, kyaututtuka suka kumbura, har a 2019 aka ƙirƙiro wata gasa a Las Vegas da aka ɗora wa dala miliyan guda. Yanzu abin ya iso wayoyin jikokinmu. Sai yaro ya miƙo mini ya ce, "Baba, dubi zamiya!" Zamiyar kam ta yi kyau. Amma in ka bincika, da yawan dawakin nan shekararsu uku, kuma tun kafin su cika biyu aka ɗaura musu majayi.

Sa'o'ina sun san zamanin da Jami'ar Ahmadu Bello ke da alaƙa da jami'ar jihar Kansas a fannin noma da likitancin dabbobi. Iskar wannan zamani ce ta kai ni can, neman na kashewa kuma ya kai ni bargar dawaki a Oklahoma, inda na daɗe fiye da yadda na yi niyya. A can na gane inda gizo ke saƙa. Manyan kuɗin hawan makiyayan Amurka a kan 'yan shekara uku aka jibge su. Gasar ware saniya daga garke, wadda aka fara a 1962, a Fort Worth ake yin ta ƙarshen kowace shekara. Ta zamiya da juyi kuma a birnin Oklahoma. Dokin da zai shiga fili a Nuwamba ko Disamba na shekararsa ta uku, dole a hau shi tun farkon ta biyu.

Ita kanta shekarar ta takarda ce. Ƙungiyar dawakin Quarter Horse, wadda aka kafa a 1940, tana ƙara wa kowane doki shekara ranar 1 ga Janairu, ko da yaushe aka haife shi. Duƙushin watan Mayu yana da wata 20 a duniya za a rubuta shi ɗan shekara biyu. Shi ya sa masu kiwo ke kunna wa goɗiya fitila cikin hunturu, jikinta ya zaci bazara ta yi, ta karɓi ingarma da wuri, ta haihu a Janairu ko Fabrairu.

To amma ƙashi ba ya karatun kalanda. Guringuntsin girma da ke saman gwiwar gaba yana rufewa tsakanin shekara biyu da biyu da rabi, kuma shi ake ɗauka hoto a ce wa mai doki, "Gwiwa ta rufe, a hau." Ba a gaya masa cewa ƙashin baya, inda sirdi da mahayi ke zama, shi ne na ƙarshen nuna, sai wajen shekara biyar da rabi zuwa shida. Ga kuma aikin da ake nema: doki ya taho a sukuwane, ya zauna kan ƙafafun baya ya zame, da faffaɗan ƙarfe mai sulɓi a kofato, ya juya wuri guda har ƙura ta rufe shi, ko ya yi minti biyu da rabi yana tare saniya hagu da dama, mahayi ya saki kamazuru. Gaɓoɓin baya ne ke biyan bashin. Allurar gaɓa ga ɗan shekara uku ta zama ruwan dare, har ba mai jin kunyar faɗa.

Akwai wata jar goɗiya da nake share wa ɗaki. Ban taɓa ganin dabba mai son aiki kamarta ba. In ta hango saniya, kunnuwanta kaɗai sun ishe ka labari. Mai ita ɗan kasuwar mai ne, ya riga ya biya kuɗin shiga gasa kashi-kashi tun tana ƙarama. Da ta fara ɗingishi cikin bazara, mai horon ya ce a huta mata, mai ita ya ce ai an biya. Aka yi allura, aka ci gaba. Ta shiga gasa, ta yi abin kirki, aka tafa. Tana da shekara biyar ta daina ɗaukar sirdi, aka mai da ita turken haihuwa. Doki lafiyayye yakan haura shekara ashirin ana morarsa. Da ta kasance mai gardama ce, mai tutsu, da ta tsira, don da an gaji an sake ta a saura. Biyayyarta ce ta cinye ta.

Dattawan can ba haka suka gada ba. Makiyayan Kalifoniya na dā, masu bin tafarkin Sifaniyawa, da ragamar ɗanyar fata suke farawa, sai bayan shekaru doki ya cancanci babban linzami, shi ma sai an haɗa biyun na wani lokaci. Tom Dorrance, wanda ya rasu a 2003 yana da shekara 93, da almajirinsa Ray Hunt, su suka koya wa Amurka cewa a matsa wa doki kaɗan, da zarar ya gwada abin da ake so a sassauta nan take, domin daga sassaucin yake ɗaukar darasi. Sai dai shi Hunt ɗin yakan hau sabon duƙushi gaban jama'a cikin ɗan lokaci, kuma nan aka samu matsala. Mutane suka kwashi saurin suka bar idon. Yau har gasa ake yi, Road to the Horse, a ba mutum dokin da ba a taɓa hawa ba ya sarrafa shi cikin kwana uku. Gwanaye ne ke yi, ban musa ba. Amma yaron da ya kalla a waya sai ya ɗauka kwana ukun su ne horon.

Kada wani ya ce tsoho ya ce a bar doki sai ya shekara shida. Wannan ma wauta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma binciken da aka yi kan dawakin tsere ya nuna aiki daidai gwargwado yana ƙara wa ƙashin matashi ƙarfi. Na ga ingarma ɗan shekara biyar da aka bari ba ragama ba shafa, ya karya wa wani bawan Allah ƙashin wuya ranar farko. Duƙushi ya san ragama tun yana bin uwa, ya saba a ɗaga masa kofato, ya ji nauyin sirdi. A hau shi ma yana da biyu in ya yi jiki, rubu'in awa, tafiya da sassarfa a miƙe, sannan a sake shi makiyaya ya yi watanni yana gudu da sa'o'insa. Haka manyan gidajen kiwo na Teksas da yawa ke yi. Abin da ya fi hawan wuri muni shi ne kulle shi a ɗaki yini da kwana, a cika shi da hatsi, a fito da shi awa guda a nemi zamiya. Jar goɗiyar nan rabonta da ciyawar fili tun tana da shekara guda.

Mu ma kada mu yi dariya. Kowa ya ga yadda samari ke fizgar linzami a jahi ranar hawan Sallah, bakin ƙaramin doki yana jini.

Masu horo na can ba na ɗora musu laifi da yawa. Ma'aikata ne, in wannan ya ƙi, mai doki ya ɗauke dabbarsa ya kai wa na gaba. Akwai gasar 'yan shekara huɗu zuwa shida, kuma kuɗinta ya ƙaru, na yaba. Amma suna da farashin ingarma har gobe a gasar 'yan uku ake samun su, kuma masu dawakin da ke zuba kuɗin su ne ke zaune a kwamitocin da za su iya ɗaga shekarun.