Jitar ɗan yayana

Asabar ɗin nan na je ƙauyenmu, bayan Dambatta, ana tsakiyar yankan gero. Yaya ya ja ni gindin rumbu: "Ka yi wa ɗanka faɗa. Ya sayar da akuyarsa ya sayo jita. Roƙo zai kawo mana gida?"

Na kira yaron da niyyar faɗa, sai ya miƙo min waya ya kunna Tal National, ƙungiyar makaɗa ta Yamai. Jita da ganguna irin na rok, waƙa kuwa da Hausa, Zabarmanci, Fillanci da Buzanci. Kundinsu Kaani ya fito a 2013, sun zagaya Turai da Amurka. Shugabansu Almeida ya yi aikin alƙalin kotu. Ma'aikacin gwamnati kamar ni!

Wallahi bakina ya mutu. Mu a Kano mun sallama wa kwamfuta kiɗa, fiyano ɗaya a situdiyo ya maye makaɗa goma.

Duk da haka ban iya musa wa Yaya ba. Na ce yaro ya gama sakandare tukuna, jita tana wurina ajiye. Ga ta nan bayan ƙofar ɗakina. Jama'a, na kyauta kuwa?