Yadda Muka Canza wa Motar Baba Ƙafar Gaba

Duk wanda ya san titunan Legas a lokacin damina ya san cewa mota ba ta tsufa daga inji, daga ƙafa take fara tsufa. Ruwa ya cika rami, direba bai san zurfinsa ba sai ya faɗa. Abin da ke shan wannan duka kuwa shi ne shokozoba da sifirin ɗin gaba, waɗanda yawancinmu ba ma tunawa da su sai ran da suka gaza.

Motar gidanmu Golf 3 ce, irin wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, Baba ya saye ta tokumbo tun ina firamare. Da ita yake ɗaukar kaya daga Agege zuwa wurin abokan cinikinsa, da kuɗin da take kawowa ake biya mini makaranta. A daminar 2023 ta fara nuna alama. In aka taka birki sai ta dungura da hanci kamar raƙumi zai durƙusa, in ta hau gargada sai ka ji ƙwal-ƙwal daga gefen direba, tayar gaba kuma ta cinye wuri-wuri kamar ɓera ya gaigaye ta. Da muka leƙa sai ga mai ya jiƙe jikin shokozoba, sifirin na hagu kuma ya karye a zagayensa na ƙasa. Wannan ya zo daidai da cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, lokacin da kowane magidanci ke ƙirga sisinsa. Baba ya iya kuɗin kaya, amma bai iya haɗawa da kuɗin aiki ba.

A nan Kawu ya shigo maganar. Yayan mahaifiyarmu ne, ya yi shekaru yana kanikanci a Kaduna, a zamanin da Fijo 504 ke mulkin hanya, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da sifana. Tun da ya dawo gidanmu ba ya son zancen mota ko kaɗan. Amma a daren nan sai muka ji ya ce, "Alhaji, a sayo kayan. Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. Ga yaro nan."

Yaron kuwa ni ne, ɗalibin Hausa wanda iyakar saninsa da shokozoba shi ne misali ce mai kyau ta kalmar aro a darasin tsarin sauti.

Kasuwar Ladipo da ke Mushin muka je, Kawu yana dogara sanda. Bai yarda a sayi ɗaya ba, ya ce shokozoba da sifirin kamar takalmi suke, bibbiyu ake canza su, in ba haka ba motar za ta riƙa ɗingishi, ɓangare ɗaya tauri ɗaya laushi. Kowanne sai da ya sa na danna sandarsa ƙasa na ja sama, yana kallon ko tana tafiya da nauyi bai ɗaya ba tare da tsalle ba. A hanyar dawowa ya bayyana mini cewa irin wannan ƙafa, wadda aka cusa shokozoba a cikin sifirin suka zama ginshiƙi guda, ita ce a gaban 504 ma. Daga baya na karanta cewa wani injiniyan Amurka, Earle MacPherson, shi ya tsara ta, kuma kamfanin Ford ya sa ta a motarsa Consul a 1950. Wato ginshiƙin nan ba tsalle kaɗai yake hanawa ba, shi ke riƙe da tayar a tsaye, da shi kuma take juyawa in an murɗa sitiyari.

Ranar Asabar bayan asuba muka fara, a tsakar gida. Aka ja birkin hannu, aka tare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta kusoshin taya tun motar tana ƙasa, sannan na sa jak. Da ƙanena ya jawo bulo zai tokara, Kawu ya daka masa tsawa: bulo yana fashewa ba sallama, jak kuma ba a ba shi amanar rai. Guma-guman katako muka jera a ƙarƙashi. Kafin na taɓa manyan kusoshi biyu da suka haɗa ginshiƙin da mazaunin taya, ya sa na zana alama da ƙusa a kewayensu, domin su ne ke tsayar da karkatar tayar. Tsatsa ta kama su ƙam. Sai da muka jiƙa su da mai, muka jira, muka zura bututun ƙarfe a wutsiyar sifana na hau da dukan nauyina kafin suka yi ƙara suka saki. Na zare tiyon birki daga maƙalinsa, na kwance notin sama ta cikin bonet, ginshiƙin ya sauko hannuna da nauyi da ƙura.

Sai aka zo wurin da ya sa na rubuta wannan. Mai karatu, sifirin da ka gani kwance shiru ba shiru yake ba. A kan hanya kowane ɗaya na gaba yana ɗauke da nauyin da ya doshi buhun siminti shida, kuma ko bayan an ciro ginshiƙin a matse yake, noti ɗaya tak ke riƙe da shi. Wanda ya kwance notin nan ba tare da ya kama sifirin ba, to ya harba wa kansa ƙarfe. Kawu ya aiki Inna ta ɗauko wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gadonsa, wadda ban taɓa sanin tana nan ba. A ciki akwai ƙarafa biyu dogaye masu zare da ƙugiya, an nannaɗe su a tsumma mai giris.

Ya kori yara zuwa zaure. Ya sa na kwantar da ginshiƙin a ƙasa, kansa yana duban katanga, ba ni ba, ba kowa ba. Na maƙala ƙugiya ɗaya a nan, ɗaya a daura da ita. "Murɗa uku a dama, ka koma uku a hagu," in ji shi. "Kada ka fifita ɗaya, kishiyoyi ne." Ina murɗawa ƙarfen yana kuka, gumi yana shiga mini ido, shi kuma ya jawo kujerarsa har gwiwarsa tana taɓa kafaɗata. Baba ya ce, "Yaya, ka ɗan ja baya mana." Ko kallonsa bai yi ba. Lafiyayyen hannunsa yana motsi a iska tare da nawa, yana murɗa sifanar da babu ita. Sai da sifirin ya saki mazauninsa har yana girgiza, sannan ya ba ni izinin taɓa notin. Sabon ma haka aka matse shi, aka tabbatar wutsiyarsa ta zauna daidai a gurbinta, aka sa sabuwar roba da boris na sama, aka sake shi sannu-sannu.

Ɓangaren farko ya ci mu har azahar, na biyu kuwa kafin la'asar an gama. Muka mayar da komai kan alamar ƙusa, muka sauke motar, muka ƙara ɗaure kusoshi tana tsaye da ƙafarta. Alamar ƙusa dai ta kai mota gareji ce kawai, don haka ranar Litinin Baba ya biya aka yi mata alaimen, wanda shi kam ba aikin tsakar gida ba ne.

A gwajin farko Kawu ne a kujerar gaba, gilashi a sauke, ya karkatar da kunne waje. Baba ya bi ta layin da ya fi kowanne ramuka da gangan. Muka je muka dawo bai ce uffan ba, sai da aka kashe inji.

"Gaba ta zauna," ya ce. "Amma na baya na dama ya fara magana. Kada ka mayar da jakar nan ƙarƙashin gado."