Abin da Na Gani a Wurin Alwala



Wata rana da la'asar yara na alwala, sai wani ɗalibina ya naɗe hannun riga, na hangi tabbai jere a damtsensa, wasu sun warke, wasu sabbi. Ba zan faɗi sunansa ba, amana ce. Na ja shi gefe, ya ce shi ya yi wa kansa. To, abin da na iya shi na yi, na shiga wa'azi: jiki amanar Allah ne, cutar da kai haramun ne. Duk gaskiya ne. Amma yaron ya sunkuyar da kai, kuma mako 2 bai sake taka makaranta ba.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ankarar da ni. Ta ce, "Kai Malam, ai ya san haramun ne, shi ya sa yake ɓoyewa." Ta ce galibi ba neman suna ba ne, ba kuma lallai mutuwa suke nema ba. Baƙin ciki ne ke cika ƙirji har su rasa mafita, zafin jiki ya ɗan danne na zuci, daga baya kunya ta biyo, abin ya dawo.

Na je gidansu. Wallahi na ji nauyi, malami guda yana ba yaro haƙuri. Na zauna na yi shiru, shi ya yi ta magana. Sannan na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Kada ka ji tsoron wannan tambaya, ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Iyaye, don Allah ban da bulala, ban da gori. A wanke ciwo, a yi addu'a, a kuma ga likita, domin Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Kai kuma ɗalibi, in abokinka ya nuna maka ya ce ka rufa, kada ka ɗauki alkawari. Ce masa, "Zo mu je wurin babba tare."

Mahaifinsa ya kai shi wurin likita. Ya dawo aji, ya taɓa komawa ga abin sau ɗaya, kuma da bakinsa ya zo ya faɗa mini.

Wassalam.