Gidan Sawaba: ciniki a yini ɗaya, takarda a wata 29

Duk wanda ya san Kumasi ya san rubutun nan na jan fenti da ake yi a jikin katangu, da Turanci, manya-manyan baƙaƙe: wannan gida ba na sayarwa ba ne. Daga Suame zuwa Aboabo, daga Asawasi zuwa Tafo, da wuya ka yi tafiyar minti goma a torotoro ba ka ci karo da shi ba. Shekara 24 ina wuce shi, wani lokaci har dariya nake yi a raina, in ce wa ya tambaye ku? Ban fahimci abin da ya sa mutum zai ɓata katangarsa haka ba sai da na tashi sayen gida da kaina.

Goro ya kawo ni wannan gari, kamar yadda ya kawo kakanninmu Gwanja tun kafin a ja iyakoki. Daga baya na haɗa da albasa. A nan na yi aure, uwargida haifaffiyar zango ce, 'ya'yanmu biyar duk a nan aka yanke musu cibiya. Amma duk tsawon wannan zama a gidan haya muke. Wanda ya yi haya a Gana ya san zafinta: dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a aikace shekara biyu ake nema a dunƙule. Duk bayan shekara biyu sai in zare jarin albasa in miƙa wa wani. Ranar da aka sake yi mana ƙari a 2021, uwargida ta ajiye mini tuwo ta ce, "Alhaji, in ka faɗi yau, ina zan kai yaran nan?" Ban ba ta amsa ba. Washegari na nemi dillali.

A watan Satumba na wannan shekarar ya kai ni bayan Sawaba, ta ɓangaren Asokore Mampong. Unguwa ce ta jar ƙasa, in an yi ruwa sai ka naɗe wando, amma ana jin kiran salla daga masallatai uku, ga mai koko da ƙosai a bakin layi. Gidan ɗaki huɗu ne da falo, da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Wani saurayi Batone ya buɗe mana ƙofa, ya ce gidan mahaifinsa ne. Kafin la'asar mun yi ciniki, mun sha hannu. Dillali ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kawo kuɗin gobe, akwai wani ɗan Kejetiya da ke zawarcinsa."

Da na biye wa zuciyata da na kai. Abin da ya tsayar da ni shi ne tsohon maigidana, wanda ya sauke ni ranar da na fara zuwa garin nan. Yanzu ya haura tamanin, ba ya fita sai masallaci. Na je na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ka san Busia?" Na ce na ji labari. Ya ce shi ganau ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar. Ya ce ya ga mutanen da suka sayar da gida a kan kuɗin mota, ya ga waɗanda suka bar wa aboki amana da fatar baki, suka dawo bayan shekaru aka ce ba a san su ba. "Wanda ke da takarda ya yi kuka ya share hawaye. Wanda ba shi da ita har yau jikokinsa na kuka. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Je ka nemi lauya."

Abu na farko da lauyan ya koya mini ya girgiza ni. Ya ce a Gana kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa tana hannun sarakuna da dangogi ne, kuma a ƙasar Asante ba a sayar da ƙasar sarauta har abada. Abin da ake saya hayar ƙasa ce ta shekaru masu yawa, wadda mutane ke kira lis. Ɗan ƙasa yakan samu shekara 99. Ni kuwa da fasfo ɗin Nijeriya a aljihu, tsarin mulkin 1992 ya ƙayyade mini shekara 50, ba ƙari, sai dai a sabunta in ta ƙare. Na ce, "To ginin fa?" Ya ce, "Ginin naka ne, Alhaji. Ƙasar da ya tsaya a kai ta kujerar sarauta ce."

Sai ya shigar da takardar bincike a Hukumar Filaye, domin a duba sunan wa ke kan fulotin, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai shari'a a kansa. Mako uku muka jira. Amsa ta fito babu sunan kowa. Ashe mai gidan, wanda ya rasu shekara huɗu kafin nan, bai taɓa yin lis ba. Abin da ya bari kawai ita ce takardar rabon fuloti da sarkin yankin ya ba shi tun shekarun 1980, ta yi ja, ta kakkarye a wurin ninki. Lauya ya ce wannan takarda matakin farko ce kurum, kotu ba ta ɗaukar ta ita kaɗai a matsayin cikakkiyar mallaka.

Sannan ga babbar magana: saurayin da ya buɗe mana ƙofa ba shi da ikon sayarwa. Marigayin bai bar wasiyya ba. Yana da mata, da 'ya'ya huɗu, ɗaya tana Italiya. Ban da su kuma, Tonawa a al'adance ta wajen uwa suke gado, saboda haka akwai magajin dangi, ɗan 'yar'uwar mamacin. Dokar gado ta 1985 ta ba mata da 'ya'ya kaso mafi tsoka, amma ba ta share dangi gaba ɗaya ba. Dole su haɗu su nemi takardar kula da dukiyar mamaci a kotu, a liƙa sanarwa ta makonni uku ko akwai mai ja, sannan a mayar da gidan hannun magada a rubuce. A nan na gane ma'anar jan fentin nan na katangu. Ɗan gida ɗaya ne zai karɓi kuɗin baƙo ya ɓace, ya bar sauran da rigima.

A Nuwamba 2021 muka rubuta yarjejeniya. Na ba da kashi 10 cikin 100 kafin alƙalami, aka rubuta farashi da lambobi da kalmomi, aka rubuta cewa sauran kuɗi sai takardar kotu ta fito kuma sarki ya amince. Kowa ya sa hannu, uwar ta dangwala yatsa bayan an fassara mata da Tonanci. Daga nan sai jira. Kafin 'yar Italiya ta aiko da takardar wakilci mai hatimi, kafin magajin dangi ya gama fushinsa na cewa ba a fara gaya masa ba, kafin kotu ta saurare su, wata tara ya wuce. Sai a Agusta 2022 takardar ta fito.

Wanda yake Gana a 2022 ya san abin da ya samu sidi. A farkon shekara dala tana kusan sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Magada suka zo suka ce kuɗin da muka yi ciniki ba zai sayi rabin gidan ba yanzu. Ɗansu ya ɗaga murya ya ce a fasa. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Lauya ya ce yarjejeniya tana gefena, in na so in tsaya a kan farashina. Na koma wajen maigidana, ya ce, "Takarda ta ba ka gaskiya, amma da mutanen nan za ka je gaban sarki, kuma sa hannunsu kake nema. Kada ka ci su da takarda." Na ƙara musu kashi 15 don kaina. Tsohuwar ta riƙe hannuna da hannu biyu. Daga ranar ba su sake makara a wani zama ba.

Safiyo mai lasisi ya zo da na'urarsa ya auna, ya kafa duwatsun iyaka a kusurwa huɗu. Nan ma aka gano katangar maƙwabci ta shigo da taku biyu, muka sasanta a bakin masallaci, na yafe. Taswirar ta ɗauki wata ɗaya kafin a amince da ita. Sai fadar sarkin yankin. Ba a shiga a yi wa sarkin Tonawa magana kai tsaye, sai ta bakin mai magana da yawunsa, mai riƙe da sanda. Aka ce in kawo kuɗin abin sha. Na ce ni Musulmi ne, ba na sayen giya. Lauya ya yi dariya ya ce suna ne kawai ya rage, kuɗin gaisuwa ne a ambulan, amma in tabbata an ba ni rasit. Sau huɗu muka je. Ran nan an tafi jana'iza, kuma kowa ya san jana'izar Asante ba ta yini ɗaya ba ce. Ran nan ana shirin Akwasidae, bikin da ke zagayowa duk bayan mako shida. Wata biyu kafin a soke tsohuwar takardar rabo a rubuta sabuwa da sunana.

A Janairu 2023 na biya sauran kuɗin ta banki, ba a leda ba, aka ba ni makulli. Uwargida ta yi guɗa, muka yi sauka, aka raba waina. Maƙwabta suka ɗauka an gama. A gaskiya rabi aka yi.

Lis ɗin da lauya ya rubuta sai da ya je Manshiya, fadar Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu, domin ƙasar sarauta a yankin Kumasi ba ta tabbata sai da amincewarsa. Akwai ofishi na musamman a can don harkar filaye, kuma layin yana da tsawo, gari ne da ke faɗaɗa kullum. Wata huɗu. Na saba da hanyar har masu sayar da ruwan leda suna gaishe ni. Daga nan aka koma Hukumar Filaye, aka kimanta darajar gidan, na biya harajin hatimi, wanda ba ya wuce kashi 1 cikin 100, aka shigar da neman rajista.

A nan na jawo wa kaina jinkiri da hannuna. A fasfo sunana Muhammadu, a katin Gana na baƙi an rubuta shi yadda 'yan Gana ke rubutawa, a takardar sarki kuma dillali ya ba su sunan da ake kirana da shi a kasuwa. Mutum ɗaya, suna uku. Sai da na yi rantsuwa a rubuce cewa duk ni ne, aka gyara takardu, mako shida ya tafi a banza. 'Yan'uwa, wannan ciwon namu ne. Kafin ka fara komai, jera takardunka a kan tabarma ka duba harafi da harafi.

Bayan haka aka buga sanarwa a jarida, aka ba duk mai ja makonni biyu ya fito. Ba wanda ya fito. A Fabrairu 2024 lauya ya kira ni ina tsakiyar sauke buhunan albasa. Na je da ƙurar jikina na karɓi takardar mallaka. Daga ranar da na fara ganin mangwaron nan zuwa ranar, wata 29 cif.

Ba kowa zai daɗe haka ba. Wani abokina da ya sayi gida mai cikakkiyar rajista daga hannun mai shi yana raye, cikin wata shida ya gama. Abin da ke ja da tsawo shi ne gidan gado, da gidan da ba a taɓa yi wa lis ba, ni kuwa na haɗa duka biyu. In za ka saya, fara tambayar abu uku kafin farashi: mai gidan yana raye? Sunan wa ke Hukumar Filaye? In yana da aure, matarsa ta amince a rubuce? Dokar filaye ta 2020 ta hana miji ko mata sayar da abin da aka saya cikin zaman aure ba da rubutaccen izinin ɗayan ba. Sannan ka ware kuɗin lauya da safiyo da gaisuwar fada daban, ka kuma tanadi hayar aƙalla shekara guda, don kada mai gidan haya ya kore ka kana tsakiyar tafiya. Bayan ka shiga ma akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara da harajin gini, ka riƙa biya kana adana rasit.

Mutane da yawa sun ba ni shawara in sa sunan babban ɗana, tunda shi ɗan ƙasa ne ta wajen uwa, ya samu shekara 99. Na yi tunani na ƙi. Na ga abin da rashin tsari ya yi wa gidan mutumin da na saya a hannun magadansa, ba zan bar wa 'ya'ya biyar gida da sunan mutum ɗaya ba. Shekarata 56. Hamsin ta ishe ni har ta yi saura. In wa'adi ya cika, su je fada su sabunta da sunansu, su ba baƙi ba ne.

Takardar tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin uwargida, an yi kwafi biyu, ɗaya wajen lauya, ɗaya na aika Kano. Na kai wa maigidana ya gani. Idonsa ba ya karatu yanzu, sai ya shafa hatimin da yatsa ya ce, "To, yanzu ka sauka." Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba na haya nasu, amin.