Sant-Emiliyon, garin da ke ƙarƙashin gari

Giyar inabi ce ke jawo maziyarta daga Bordo zuwa Sant-Emiliyon, a kudu maso yammacin Faransa: su zo da hantsi, su koma da almuru. Alhali abin kallo yana ƙarƙashin sawunsu: majami'ar da aka sassaƙa cikin dutse guda a ƙarni na 12, wadda ba a shiga sai da ɗan jagora mai riƙe da mabuɗi. Dutsen da aka haƙo nan ya gina gidajen Bordo, ramukan kuwa suka zama ma'ajiyar giya saboda sanyinsu. UNESCO ta karrama yankin a 1999, har da gonakinsa. Sai dai mota ba ta jira: ɗanɗano ya cinye yini, kogon da Emiliyon ya yi kaɗaici a ƙarni na 8 kuwa sai leƙe.