Akwatin da ba a ɗaukar hotonsa

Daren da kwamfutar ta mutu karo na uku, Auta bai sake taɓa makunninta ba. Wasan ƙwallon ya kai minti na saba'in, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankokin ciki suka tsaya cak, wani ɗan ƙauri kamar na roba ya taso daga bayan teburi. Ya zauna a gefen katifa cikin zafin watan Afrilu, fankar silin tana juyawa da ƙyar, yana lissafin abin da zai faɗa wa Yayansa.

Auta ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ya dawo gida Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan. Da rana yana zana wa masu gina shaguna da gidaje taswira, yana kuma haɗa bidiyon biki. Da dare abokai su taru a ɗakinsa a buga wasa. Tsohon katin hotonsa, GTX 1050 Ti, ya gaza da aikin, don haka ya sa rai a kan RTX 3060 na hannu. Irin waɗannan katuna sun yawaita a kasuwannin duniya bayan watan Satumba na 2022, lokacin da Ethereum ta daina dogara da su wajen haƙar kuɗin intanet, masu haƙar suka yi ta zubar da kayansu. Kuɗin sayen ya fito ne daga raken da Yayansa ya kai kasuwar Maƙarfi. Auta ya ce masa na aiki ne. Gaskiya ya faɗa, amma da saura.

Da gari ya waye ya naɗe kwamfutar a bargo, ya shiga mota zuwa Sabon Garin Zariya. Mai gyaran, wani dattijo mai ƙarancin magana, bai ko kalli sabon katin ba. Ya kwance kusoshi huɗu, ya zaro wani akwatin ƙarfe mai tarin wayoyi, wanda masu sana'ar ke kira fawa, ya auna shi a tafin hannu.

"Samari, wannan wa ya sayar maka?"

"Da shi kwamfutar ta zo, Baba. Wat ɗari biyar ne, ga shi a rubuce."

"A rubuce kam. Karanta mini ƙananan lambobin da ke ƙasa."

Ƙananan lambobi

Aikin wannan akwati shi ne karɓar wutar bango, wadda a Najeriya ma'auninta bolt 230 ne, ya mayar da ita ƙananan hanyoyi masu natsuwa: bolt 12, da 5, da 3.3. A kwamfutocin yau, katin hoto da furosesa, waɗanda su ne manyan maciya wuta, duka daga hanyar bolt 12 suke sha. Lissafin kuwa na ɗan firamare ne: a ninka bolt da amfiya, a sami wat. A jikin akwatin Auta, ƙarƙashin bolt 12, an rubuta amfiya 18. Sha biyu sau sha takwas, 216. Sauran ɗari biyar ɗin an tara su ne daga hanyoyin da katin hoto ba ya amfani da su, aka buga jimillar da manyan haruffa.

Tsohon katin bai taɓa tona wannan asiri ba, domin wat 75 kawai yake buƙata, kuma ramin da ake soke shi a jikin uwar allo yana iya ba shi wannan. Sabon kuwa wat 170 yake ci, shi ya sa yake da mazubin waya mai ƙafa takwas, wadda aka tsara ta ɗauki wat 150. A ƙara furosesa mai wat 65, wadda takan zarce haka idan aiki ya yi tsanani, da fankoki da ma'ajiyar bayanai, sai a doshi wat 300. Jakin da aka saba ɗora wa buhu ɗaya, ranar nan biyu aka ɗora masa.

Akwai laifi na biyu, kuma na Auta ne. Da ya ga akwatin ba shi da waya mai ƙafa takwas, sai ya sayi ɗan mahaɗi mai araha ya jona a wayar ma'ajiyar bayanai, wadda aka yi ta don kimanin wat 54. Ƙaurin da ya ji daga nan ne. Robar ta fara narkewa. Dattijon ya ce rashin wannan waya saƙo ne daga wanda ya ƙera akwatin, yana cewa kada a ɗora mini abin da ya fi ƙarfina.

Kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwatin wat 550 ga wannan kati, kusan ninki biyu na abin da lissafi ya nuna, kuma da dalili. Katin hoto ba ya shan wuta a tsanake. Yakan yi fizga ta ɗan ƙiftawar ido wadda ta zarce adadin da aka rubuta masa nesa ba kusa ba. Matsalar ta kai ga kamfanin Intel ya sanya sharaɗin jure irin wannan fizga a ƙa'idar ATX 3.0 da ya fitar a 2022. Akwatin kirki, idan an wuce iyakarsa, yakan kashe kansa ya tsirar da sauran kaya. Na banza kuwa yakan mutu ya tafi da maƙwabtansa.

Wutar da ke shigowa gida

Duk wannan bayani, mai kwamfuta a Jamus ko Amurka zai same shi daidai da bukatarsa. Na Hunkuyi yana da ƙarin tambaya da wancan bai san ta ba: wace irin wuta ce ke isowa soket?

Da maraice, idan kowane gida ya kunna kayansa, ƙwan lantarki yakan koma ja kamar garwashi. Idan ƙarfin wutar ya faɗi, akwatin sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓi: aikin wat 345 yana jan amfiya ɗaya da rabi a bolt 230, amma uku yake ja a bolt 115, kuma ƙarin amfiya ƙarin zafi ne. A nan layi ɗaya a jikin takardar akwatin ya fi sunan kamfani muhimmanci. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 zai ci gaba da aiki ko wuta ta yi rauni. Wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 an yi shi ne don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa.

Sai zafi da ƙura. Akwatuna masu inganci ana auna ƙarfinsu ne a zafin digiri 40 ko 50. Marasa inganci a ɗaki mai sanyi. Ɗakin kwano a bazarar arewacin Kaduna, da ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, ba ya kama da ɗakin gwaji. Wannan ma dalili ne na barin rata, kuma dalili ne na gudun akwati na hannu: kafasitocin cikinsa suna bushewa da zafi da shekaru, ba kuwa a ganin haka daga waje.

Sannan ga batir da mai. Tun janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace awa a kan janareta ta zama abin lissafi. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwati ya ja tana isa ga kwamfuta, sauran ta zama zafi. Akwatin da ke isar da kashi 70 zai ja kusan wat 430 don ya ba da 300. Mai kashi 90 zai ja 333. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan rabinsa ake sha don ya daɗe, zai riƙe na farko ƙasa da awa uku a lissafin takarda, na biyu ya haura uku da rabi. Sai dai akwatunan zamani ba sa shiri da inbata mai arha wadda wutarta ke fita da tsalle-tsalle. Mai fitar da wuta sumul suke so. Kuma babu akwatin da zai maye gurbin sitabilaiza, da wayar da aka binne a ƙasa don tsotse wutar da ta ɓace hanya.

A bakin fadama

Katin bai ƙone ba. Dattijon ya gwada shi a wata kwamfuta, ya ce Allah ya rufa asiri. Amma akwatin da ya dace, wat 650 mai amfiya 54 a hanyar bolt 12, sabo da takardar garanti, kuɗinsa ya fi abin da ke aljihun Auta. Akwai wasu a kan kanta masu kyallin fenti da lambobi manya, a kashi ɗaya bisa uku na farashin. Ya daɗe yana juya ɗaya a hannu, sannan ya ajiye.

Ya sami Yayansa a gona, yana sauya wa injin ban-ruwa mai. Ya faɗi komai, har da wasan dare da bai ambata ba tun farko. Ya fara bayanin bolt da amfiya, sai Yayan ya ɗaga hannu.

"Auta, tsaya. Ka sayi babban tiyo ka ɗaura wa ƙaramin inji, ko ba haka ba?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"Kuma ruwan rafin ma ja da baya yake yi."

"Haka ne."

Yayan ya goge hannu da tsumma. Ya ce shekarar da ya sayi inji mai araha don ya rage kuɗi, tsakiyar rani ya tsaya masa, tumatir ya bushe yana kallo. Tun daga ranar ya yarda araha ba ta ado. Maganar wasa kuwa, ya ce ya daɗe da sani, ihun da ake yi a ɗakin har zaure ake jinsa. Kuɗi dai babu sai an cire albasa.

Auta ya koma gida ya zare sabon katin, ya naɗe shi a ledarsa, ya sa a ƙasan akwatin tufafi. Ya mayar da tsohon, ya ci gaba da zane a hankali, bidiyon da zai ɗauki awa guda yana cin uku. Abokai suka yi ta tsiya, wasu suka koma kallon ƙwallo a bakin kasuwa. Mako bakwai katin yana kwance.

Ranar da aka kawo sabon akwatin, abokan suka dawo, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton katin da fankokinsa. Auta kuwa yana tsugune a bayan teburi da tocila a baki, yana sake karanta ƙananan lambobin kafin ya ɗaura kusoshi.