Kujerar Gaba da Jakar Maganin Inna

Idan ka taɓa zama a Samaru ka san ƙarar ƙananan jiragen nan da ke shawagi a kanmu tun da hantsi. Na ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a Zariya a 1964, kuma duk mai zuwa Kwangila daga Samaru sai ya bi ta ƙofarta. Mun tashi da wannan ƙara a kunnuwanmu, amma duk Bazazzagin da ke son hawa jirgin fasinja sai ya fara shiga mota, ko dai zuwa Kaduna, kimanin kilomita 80, ko kuwa zuwa Kano, fiye da kilomita 150. Riƙe wannan a ranka, mai karatu, domin rabin abin da zan faɗa maka a kan wannan hanyar yake.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana da ciwon suga shekaru da dama, daga baya kuma zuciyarta ta raunana har ƙafafunta suka riƙa kumbura. Likitanta ya buƙaci a yi mata wani gwajin jijiyoyin zuciya a Legas. Yayanmu, wanda ke da shago a kasuwar Sabon Gari, shi ya ɗauki nauyin tafiyar. Shirinsa shi ne ya saya mata kujerar alfarma, irin ta gaban jirgi, mu kai ta Kano mu sa ta a jirgi, ɗan ƙanwarta da ke Legas ya tarbe ta. A ganinsa mai kujerar gaba ba ya buƙatar ɗan rakiya, tun da ma'aikatan jirgi kansu hidima suke yi masa.

Ya je wajen mai sayar da tikiti a PZ, ya dawo rai a ɓace. An ce masa jirgin da kamfanin ya sa a wannan layi yanzu ba shi da kujerun gaba, daga farko har ƙarshe kujeru iri ɗaya ne. Ya same ni a tsakar gida ina jera magungunan Inna na mako.

"Ke da kike aikin asibiti, ki gaya mini," in ji shi, "yaya za a cusa tsohuwa marar lafiya a tsakiyar mutane kamar motar Kwangila?"

Na ce, "Yaya, nawa ne bambancin kuɗin da ka yi niyyar biya?"

Da ya faɗa, sai muka ga ya isa tikitin mutum na biyu har da canji. A nan aka yanke cewa ni zan raka ta. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗan da ya ga mahaifiyarsa ta sha wahalar rainonsa yana so ya ga an girmama ta a gaban jama'a, kujerar gaba kuwa girmamawa ce da ido ke gani. Sai dai ni aikina ya saba mini da kallon abin da ido ba ya gani.

Kafin in je can, bari in ce maka wannan canji ba baƙon abu ba ne a harkar jiragen sama. A jirgi irin Boeing 737, layin kujerun talakawa mutum shida yake ɗauka, na manya kuwa mutum huɗu, ga kuma faɗin da ake bari tsakanin layi da layi. A tafiyar awa ɗaya ba kowa ke yarda ya biya ninki ba, sai kujerun su tashi babu kowa. Kamfanin Air New Zealand ya cire su daga jiragensa na cikin gida tun a 2002. A nan gida, Green Africa da ya fara tashi a watan Agustan 2021 da jiragen ATR 72 bai ma sa su ba tun farko, ko da yake ba shi muka hau ba. Ga kuma tsadar man jirgi: a watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen Nijeriya ta yi barazanar dakatar da aiki saboda litar mai ta tashi daga kusan naira 190 zuwa 700. Wanda ke lissafi irin wannan, kowane taku na cikin jirgi kuɗi ne a wurinsa. Saboda haka idan kana da marar lafiya, ka sa ran wata rana kai ma za a ce maka babu kujerar gaba.

To me jikin marar lafiya yake gamuwa da shi a sama? Abu na farko iska ce, kuma iskar gaban jirgi da ta bayansa ɗaya ce. Idan jirgi ya lula, ana daidaita iskar cikinsa ta zama kamar ta tsauni mai tsayin da zai iya kai wa mita 2,400, wato kusan ninki biyu na tudun Jos. Oksijin da ke shiga jini yana raguwa kaɗan. Lafiyayye ba ya ko lura. Amma mai raunin zuciya, da mai ciwon huhu, da wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, da masu sikila da muke da su da yawa a gidajenmu, wannan ɗan ragin yana iya taɓa su. Akwai ma'aunin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi: idan mutum zai iya tafiyar mita 50 a ƙasa, ko ya hau bene hawa ɗaya, ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba, galibi zai iya jure jirgi. Inna ta iya, a hankali. Wanda bai iya ba, likita ne zai duba shi ya rubuta ko yana buƙatar oksijin a cikin jirgi, wannan kuma sai an nemi izinin kamfanin kwanaki kafin tafiya. Mai sikila da bai daɗe da tashi daga ciwo ba, da wanda aka yi wa aikin ciki, akan ce su jira kimanin kwana 10. Wanda aka yi wa aikin ido aka sa masa iska a cikin idon, shi kam ba ya hawa jirgi sam sai likitan ido ya sallame shi, domin iska tana kumbura a sama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da faɗin kujera yake gyarawa.

Mutane kan kawo mini maganar daskarewar jini a ƙafa, su ce ai ƙuncin kujera ke jawo shi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa ne idan mutum ya zauna awa huɗu ko fiye bai motsa ba, kuma hakan ya shafi mota da bas da jirgin ƙasa, ba jirgin sama kaɗai ba. Kano zuwa Legas kimanin awa ɗaya da rabi ne. Zaman motar daga Samaru zuwa Kano ya fi shi tsawo, ga zaman ɗakin jira a kai. Idan kana tsoron wannan, to tsaya a hanya marar lafiyarka ya sauko ya taka ƙasa, a filin jirgi ma kar a bar shi a kujera ɗaya tun safe.

Yanzu ga inda ni kaina na yi kuskure, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Na shirya jakar Inna yadda nake koya wa mutane kullum a tagar ɗakin magani. Duk magungunanta a jakar hannu suke, cikin kwalayensu na asali, babu ko ƙwaya ɗaya a akwatin da za a loda a ƙarƙashin jirgi, domin akwati yana iya ɓata ko ya makara, sanyin wurin kuma yana iya daskarar da insulin, insulin da ya daskare kuwa ya lalace. Kwalbar da ba a buɗe ba na sa ta a ƙaramar jakar sanyi, na naɗe ƙanƙarar da tsumma don kar ta taɓa kwalbar. Na ɗauki takardar likita mai bayanin allurai saboda masu bincike, na ƙara maganin kwana uku a kan lissafin kwanakin tafiya. Maganin fitsarinta, Lasix, mun yi shawara da likitanta a jinkirta na ranar sai mun sauka, saboda yana fara aiki cikin awa guda kuma yana ɗaukar kusan awa shida, ba ka son tsohuwa tana neman banɗaki a tsakanin Tashar Yari da Kwanar Dangora. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a ba ta rabin Valium don kar ta ji tsoron jirgi, na ƙi, domin yana rage ƙarfin numfashi a wurin da oksijin ya riga ya ragu, kuma yana sa tsoho jiri a kan matakala.

Duk wannan na yi shi daidai. Abin da ban lissafa ba shi ne hazo. Watan Janairu ne, jirginmu na ƙarfe 11 na safe. Bayan sallar asuba na yi wa Inna allurarta ta safe, irin gaurayen insulin ɗin nan da ƙarfinsa ke kai wa har tsakar rana. Ta kurɓi kunu kaɗan ta ture kofin, ta ce ba ta son abin da zai sa ta shiga banɗakin jirgi. Ban matsa mata ba, na ce a raina ai kafin azahar muna Legas, ta ci abinci sosai. Muka isa Kano garin ya yi fari fat, aka ce jirgin da zai ɗauke mu bai samu sauka ba. Aka ɗaga zuwa 1, aka sake ɗagawa.

Wajen ƙarfe ɗaya saura na ga tana goge goshi da gefen mayafi, alhali kowa a ɗakin yana takure saboda sanyi. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta kira ni da sunan ƙanwata. Hannunta yana rawa. Na ciro na'urar gwajin suga na soki yatsarta: 3.1. Duk abin da ya gaza 3.9, wato 70 a ɗaya ma'aunin, ya yi ƙasa. Da yake tana iya haɗiya, na ba ta rabin kwalbar lemo mai suga, na duba agogo, bayan minti 15 na sake gwadawa, ya hau. Sannan na lallaɓa ta ta ci burodi da ƙwai, domin sugan lemo ba ya daɗewa, insulin ɗin kuwa yana nan yana aikinsa. Da ta suma, da ba zan zuba mata komai a baki ba, sai dai in kwantar da ita a gefenta in nemi ma'aikatan lafiyar filin jirgin.

Ina zaune kusa da ita ina kallon launin fuskarta yana dawowa, sai tunanin shirin Yaya na farko ya faɗo mini. Da yanzu tana zaune ita kaɗai a ɗakin jiran manya, cikin kujera mai laushi, wanda ya gan ta tana lumshe ido zai ce tsohuwa ce barci ya ɗauke ta. Sai kuma wani tunanin ya biyo baya, wanda bai yi mini daɗi ba: a ɗakin manyan akwai shayi da abin taɓawa a ajiye, wataƙila da ta ci wani abu tun kafin abin ya kai haka. Ni mai ilimin maganin ce na bar ta da ciki babu komai awa shida bayan allura.

Akwai wurin da Yaya ya yi gaskiya, kuma sai da na gaya masa. Hawa jirgin ta matakala ne, iska tana kaɗawa, mutane suna turereniya. Abin da ya cece mu shi ne na nemi keken marasa lafiya tun kwana biyu kafin tafiya, lokacin da aka yanki tikitin, don haka aka shigar da mu kafin kowa, aka kuma sauke mu bayan kowa. Wannan hidima ba ta masu kujerar gaba kaɗai ba ce, amma sai ka nema da wuri, kuma ka faɗa musu ko marar lafiyarka zai iya hawa matakala da kansa ko ba zai iya ba. Na zaɓa mata kujerar bakin hanya a layukan farko don tashi ya yi mata sauƙi. Kar ka roƙi layin ƙofar gaggawa don ka ga yana da faɗi, ba a ba marar lafiya ko tsoho wannan wurin. Akwai kuma waɗanda ƙuncin kujera matsala ce ta gaske a gare su, kamar wanda aka ɗaure wa ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Irin wannan sai a yi magana da kamfanin tun kafin a biya kuɗi, wani lokaci mafitar ita ce sayen kujera ta biyu a gefensa.

Mun sauka Legas bayan la'asar. A mota na ba ta Lasix ɗinta rabin lokaci ya wuce, daren nan kuwa ba ta yi barcin kirki ba saboda zirga-zirgar banɗaki, wannan ma yana cikin lissafin da hazo ya ɓata mini. Washegari Yaya ya kira, tambayarsa ta farko ita ce ko an matse ta a jirgi. Inna ta karɓi wayar ta ce masa wani saurayi da ke kusa da taga ya riƙe mata jaka har ƙasa, kuma ya yi mata addu'ar samun sauƙi. Ba ta ambaci maganar sugan ba, ni na gaya masa da bakina.

Ranar dawowa na sa dabino da biskit da ƙullin suga a aljihun gaba na jakar, kusa da na'urar gwaji, kuma ban yi mata allura ba sai da na ga kwanon kokonta da ƙosai a gabanta ta fara ci.